Mayen Ƙarfe a Haɓar Zane

A shekarar da Salima ta haihu, itacen girki ya fi nama wuyar samu a Zurmi. Daji dai yana nan inda Allah ya ajiye shi, kore shar, daga bayan gari har inda ido ya tsaya, shigarsa ce ta gagara. Mutanen daji sun mai da shi gidansu, kuma ba mai kiran su 'yan bindiga da babbar murya, sai dai a ce "mutanen nan", a nuna gabas da leɓe. A da masu jakuna huɗu ne ke kawo wa unguwar su Turai itace. Biyu an ɗauke su tun farkon damina, ɗaya ya dawo yana jan ƙafa, na huɗun ya sayar da jakinsa ya koma dako a Ƙaura.

Turai ita ce uwar Salima, matar Magaji. Mace ce mai kazar-kazar, mai baki kuma, wadda in tana faɗa da kaza sai maƙwabta su ɗauka da mutum take yi. Salima ta zo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta sami ɗa namiji, aka sa masa Hafiz. To, mai jego kuwa sai da wanka, ruwa tafasasshe safe da yamma da ganyen darbejiya, har kwana arba'in. Itacen da dangin mijinta suka aiko daga Shinkafi ya kai su kwana goma sha biyu, abin da ya rage a bayan rumbu bai wuce na kwana uku ba. Dawa ba ta nuna ba balle a sami kara.

Abin da ke hana Turai sukuni shi ne yadda Magaji ya fara tsayawa a gaban tulin itacen nan yana kallo, hannu a baya. Ta san abin da yake gani. Yana saurayi ƙanwarsa Kyauta ta haihu, aka yi mata sakaci da wanka, ta kumbura, ba ta ga arba'in ba. Ko rashin wankan ne ya kashe ta ko wani ciwo daban, Allah masani, amma ba malamin asibitin da ya isa ya cire wa Magaji wannan daga rai. Yana da jaki, yana da gatari, yana da taurin kai na mutum uku.

"Ɗiyata ba ta wanka da ruwan sanyi ina da rai," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba.

"Malam, ka bar zancen dajin nan. Abbati na tahe," in ji Turai.

Abbati ɗansu ne na fari, yana Ƙaura yana sana'ar haɗa wa mutane sola. Ranar Talata ya iso da farantan sola ɗaure a kan mota, da batura, da wani ɗan kwali da ya rungume kamar jariri. Ya wuni kan rufin kwano yana zufa. Da la'asar ya buɗe kwalin ya fito da wani faifan baƙin gilashi, ya ɗora shi kan teburi a ƙofar madafi, ya ce wai murhu ne.

Turai ta zagaya shi sau biyu. "Ina wutar ke hitowa?"

"Ba shi da wuta, Inna. Ba shi hayaƙi, ba shi toka. Tukunyar ce ke yin zahi da kanta. Amma yana da zaɓe, ba kowace tukunya yake karɓa ba." Ya zaro wani ɗan baƙin ƙarfe daga aljihu, mai kamar ƙwandala, wanda ya ciro daga tsohuwar sifika. "Ga mayen ƙarhe. Ki manna shi a gindin tukunya. In ya kama, ta yi. In ya zame, ko ta zinari ce ba ta yi ba. Kuma gindin ya zam shimfiɗaɗɗe, ban da mai tumbi."

Suka fito da tukwanen madafi gaba ɗaya, suka jera su a tsakar gida. Tukwanen dalma ne irin na maƙeran gari, baƙaƙe wuluk, har da babbar da ake dafa ruwan wankan. Abbati ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mayen ƙarfen yana sulalewa yana faɗuwa a ƙasa. Ko ɗaya bai kama ba, sai wani ɗan kaskon suyar ƙwai da ya zo cikin kwalin, wanda ko alwala ba za a dafa wa ruwa a ciki ba. Turai ta ji haushi har wuya. Tukwanen da suka ciyar da gidan shekara talatin, yau wani gilashi ya ce bai san su ba!

"Ba sauran tukunya a gidanga?" Abbati ya tambaya.

"Ka gansu nan duka," ta ce. Kuma iyakar gaskiyarta ta faɗa.

Abbati ya ce yana da aiki a Gusau, zai sayo babbar tukunya can ya kawo cikin mako guda. Ya roƙi ubansa ya yi haƙuri, Magaji ya ce Allah shi kai mu. Turai ta dubi itacen bayan rumbu, ta dubi mijinta, ta san mako guda ya yi nisa. Ta karɓe mayen ƙarfen ta ƙulle a haɓar zane, ta ce jibi Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, da ƙafarta za ta je.

Motocin kasuwa ba sa tashi ɗaya-ɗaya yanzu, sai sun taru su bi juna. Gajeriyar hanya an daina bin ta, sai a zagaya ta Ƙaura. Dawa ta yi tsawo har ta rufe gefen titi, ko raƙumi ya tsaya a ciki ba za ka gan shi ba. A motar su Turai ba mai hira. Wata tsohuwa tana jan carbi, direba ya kashe rediyo ya sauke gilashi don ya ji abin da ke gaba. Sun wuce wani ƙauye da ba kowa a ciki sai awaki biyu a kan katanga, sun wuce ƙonanniyar mota da ciyawa ta fara fitowa ta tagoginta. Duk inda aka ji ƙarar babur sai kawuna su sunkuya tare, har a ga ashe mai buhun gawayi ne.

Babban shagon tukwane a layin 'yan kwanuka na Alhaji Ado ne, shi ne kuma uban mijin Salima. Turai ta so ta zame ta bi ta bayan layin, ta sayi abinta wurin baƙo wanda za ta iya yi wa tsiya. Ina! Tun daga nesa ya hango ta.

"Lale, lale! Kakar Hafiz da kanta? Ku ba ta kujera!"

Ta durƙusa ta gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, suka gaisa gaisuwar surukai, mai tsawo, kowa yana kallon ƙasa. Ya tambayi mai jego, ya tambayi jariri, ya tambayi Malam Magaji da hanya. Maƙwabtan shago suka matso ana yi mata barka. Da ƙyar ta samu ta ce babbar tukunya take nema, ta ɗorawa a murhun lantarki, don ruwan wanka.

"Murhun lantarki? Ai mun san shi," in ji Alhaji Ado, shi kuwa mai jan waya ya sani, wanda ke yin ja in ya yi zafi. Ya shiga can ƙuryar shago da kansa, ya fito da wata tukunya fara sol, mai kauri, mai hannu biyu, gindinta shimfiɗe. Ya ƙwanƙwasa ta da zobe, ta yi ƙara mai daɗi. "Wagga daga ƙetare ta zo. Tun da ta shigo na hana a sai da ta, ashe rabon jikana ce. Hajiya, ki ɗauka. In kinka yi zancen kuɗi kin zage ni."

Turai ta kai hannu haɓar zane, ta ji ɗan ƙarfen nan a ƙulle. Abu ne na ƙiftawar ido, ta kwance, ta manna, ta gani. To amma a gaban wa? Surukinta ya shiga ƙurya da girmansa ya ɗauko mata mafi kyawun abin da ya mallaka, kyauta, mutum shida suna kallo suna cewa madalla. Sai ita kuma ta fito da ƙarfen gwaji kamar mai sayen kayan sata? Gobe a Shinkafi a ce uwar Salima ta gwada kyautar Alhaji Ado a bainar jama'a, Salima ce za ta zauna da maganar har ta tsufa. Ta ce a ranta, abu mai nauyi haka, mai ƙara haka, ai ƙarfe ne ko makaho ya shafa. Ta saki haɓar zanen, ta yi godiya har da sa albarka.

Sai da motoci suka bar gari, tukunyar tana kan cinyarta, sannan ta kwance ƙullin a ƙarƙashin mayafi. Ta kai mayen ƙarfen gindin tukunyar. Ya zame ya faɗo mata a cinya. Ta sake, ta danna da ƙarfi, ta gwada gefe, ta gwada murfi. Da ta sassauta hannu sai ya yi tsalle ya manne a ƙarfen kujerar gaba, ƙyas. Ta buɗe baki za ta ce direba ya tsaya, ta dubi rana ta ga ta karkata, ta dubi dawar da ke gefen titi. Ba direban da zai fita daga ayari don tukunya, ita ma ba ta da bakin roƙonsa. Ta gwada kiran Abbati, ba sabis, kwana biyu ke nan da ɗauke shi a yankin.

Duk da haka da ta isa gida ta cika tukunyar da ruwa ta ɗora, don ɗan Adam ba ya rabuwa da sa rai. Ta danna inda Abbati ya nuna mata. Gilashin ya yi tit, tit, tit, wata jar alama ta yi ta ƙiftawa, sannan ya ɗauke. Sau uku tana yi. Magaji yana zaune kan turmi yana kallo. Da sauran itacen ƙarshe aka dafa ruwan yamma, Salima ta shiga wanka, shi kuma ya tashi ya ɗauko gatari da dutsen washi.

Turai ta tsaya a kansa. "Malam, don Allah don Annabi. Ga turmi nan, a faskara shi. Ga ƙyauren zaure, ga gadon kara. In sun ƙare mu ƙona rumbu."

"Kwana ashirin da biyar sunka rage, Turai. Turmi nawa gare ki?"

"Kwana biyar kawai za mu riƙa, yaron nan ya kawo tukunya. Ni na yi laihi, na ji kunyar Alhaji ban gwada ba. Ka zage ni, ka kore ni gidanmu, amma kar ka shiga dajin nan. Wallahi tsoro nike ji."

Ya ɗaga kai ya dube ta, ya yi ɗan murmushi. "Da kin gwada kyautar suruki gaban mutane, da ni zan kore ki. Kin yi daidai." Ya shafa bakin gatarin da babban yatsa. "Na ji. Allah shi kai mu gobe, mu gani."

Turai ta san wannan "mu gani" ɗin, shekara talatin da ɗaya tana jin ta. Ta ɗauke gatarin ta tura ƙarƙashin buhunan gero, ta ƙara wa igiyar jakin ƙulli biyu, kamar ƙulli zai hana mai jaki kwance jakinsa.

Da asuba ya tafi masallaci kamar kullum. Gari ya yi haske, maza suka dawo, shi bai dawo ba. Ta leƙa turke ta ga igiya a ƙasa, ta ɗaga buhunan gero ta ga wayam. Ta fita ba takalmi, ta tarar da Liman a ƙofar gidansa, ya ce ai Magaji ya ce masa ba zai wuce gulbi ba, akwai wata busasshiyar marke da ya sani a bakin ganga, yanzu-yanzu zai juyo. Liman yana faɗa yana kallon wani wuri daban. Ta yi ƙofar gari da gudu, 'yan sa-kai masu gadi suka tare ta, suka ce sun hana shi ya ƙi, ita kam ba za ta wuce ba. Babbansu ya ce tun jiya ake jin babura ta wajen gulbin, ta koma gida ta yi addu'a.

Ta dawo ta shige ɗakinta don kada Salima ta ga fuskarta. Tana gyara ɗaurin zane ta ji ɗan ƙarfen nan ya taɓa ta. Wani baƙin ciki ya taso mata, ta kwance shi, ta ce, "Tsinannen abu, kai ka ja mana!" Ta yi jifa da shi iya ƙarfinta.

Ba ta ji faɗuwarsa ba. Abin da ta ji shi ne ƙyas.

Bangon gabas na ɗakin Turai jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, kayan ɗakin da uwarta ta yi mata na aure, langa da fanteka da kwalla, masu farin fenti da jan fure, an kifa ƙanana kan manya. Uwarta ta tara su ɗaya-ɗaya a kasuwar Ƙaura tun jirgin ƙasa yana zuwa. Duk sallah Turai takan sauke su ta wanke ta goge ta mayar. Ba a taɓa ɗora ko ɗaya a wuta ba, wa zai ɗora jere a wuta? Jere mutuncin mace ne, abin da baƙuwa ke fara kallo in ta shigo. Shi ya sa ranar da Abbati ya tambayi sauran tukwane ko kusa hankalinta bai zo nan ba. Ga shi yanzu mayen ƙarfen ya manne a cikin babbar kwallar da ke ƙasa, daram a kan jan furen. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ta sauke na saman ba tare da ta kula da wanda ya faɗi ya kwarzane ba. Ta jawo kwallar, ta zazzage tsofaffin zannuwan da ke ciki, ta kifa ta. Gindinta shimfiɗe yake kamar faranti. Ta ɓamɓare ƙarfen da ƙyar ta kai shi gindin, tun bai taɓa ba ya fizge daga hannunta ya kama. Ta gwada ta biyu, ta gwada ta uku, ta gwada 'yar langar da ake zuba wa baƙi goro. Duk sun kama. Kwalla tara manya, taku huɗu daga inda take kwanciya.

Rana ta hau kan farantan sola. Turai ta sauke tukunyar Alhaji Ado, ta ɗora kwallar, ta cika ta da ruwa, ta danna. Ta jira tit ɗin nan ba ta ji ba, sai wani ɗan gurnani a hankali. Ta taɓa gefen kwallar ta ji ɗumi. Kafin hantsi ya yi sosai ƙananan kumfa sun fara tasowa daga ƙasa, ta zuba ganyen darbejiya, ƙamshinsa ya cika gidan. Ba hayaƙi, ba toka, kamar yadda yaron ya faɗa. Turai ta tsaya tana kallon ruwan yana juyawa, ba ta taɓa ganin abin da ya ba ta tsoro irinsa ba.

Ta juye wa Salima a bokiti ta kai mata bayan ɗaki, ta sake cika kwallar ta ɗora, don hannunta ya sami abin yi. Can gabas, nesa sosai, aka ji wata ƙara sau biyu, irin wadda ba wanda ke tambayar ta mece ce. Karnukan unguwa suka ɗauka, suka yi shiru. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga, suka haɗa ido, ta janye kanta.

Wajen azahar Turai ta ji takun kofato a zaure. Ta tashi da sauri har ta yi tuntuɓe da murfin kwalla, ta ɗauka ta mayar da shi.

Jakin ne ya shigo, shi kaɗai, ya bi hanyar da ya saba ya tsaya a turkensa. An yi masa lodi sosai, busasshiyar marke, an faskara ta daidai wa daida, an ɗaure da ƙullin nan na Magaji mai kunne biyu wanda ba wanda ya iya shi a unguwar. Gatarin yana soke a saman kayan. Itacen zai kai mako biyu, ko ya fi. Turai ta wuce jakin ta leƙa zaure, ta fita ƙofar gida ta dubi hanya har ƙarshenta. Ba kowa sai Liman da wasu maza uku da suka biyo sawun jakin, suka tsaya nesa kaɗan, suka cire huluna suna juya su a hannu.

Ta koma ciki da baya-baya, ta dafa wuyan jakin. Murfin kwallar da ta mayar a karkace yana ta rawa, ruwa na biyu ya tafasa yana zuba kan gilashin.

Salima ta ɗaga labulen ɗaki, da Hafiz a kafaɗa, fuskarta tana sheƙi saboda wanka.

"Inna, na ji shigowar jaki," ta ce. "Ki ce ma Baba ya huta hakanan, ai mun samu tukunya."